Hunturu a ƙauyen Ingila: wa ke ɗaukar nauyin ɗumama tsofaffi?

Cikin ƙasa da shekara guda gwamnatin Birtaniya ta yanke hukunci biyu masu karo da juna a kan kuɗin da take bai wa tsofaffi don ɗumama gidajensu da hunturu. A ranar 29 ga Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga wannan hunturun tallafin zai koma na masu ƙaramin ƙarfi kaɗai, abin da ya fitar da 'yan fansho kusan miliyan 10 daga cikin tsarin. A watan Yunin 2025 gwamnatin ta janye jiki, ta mayar da tallafin ga duk tsohon da kuɗin shigarsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Mai sauraren labarai daga nesa zai yi mamakin yadda tallafin fam 200 ko 300 ya girgiza gwamnatin ƙasa mai arziki irin wannan. Wani sashe na amsar yana ƙauyuka, inda sanyi ya fi tsada, tsofaffi suka fi yawa, kuma yawancin abin da ke riƙe da jama'a daga Nuwamba zuwa Maris ba gwamnati ce ke yin sa ba.

## Hunturun da ake magana a kai

Hunturun Ingila ba busasshen sanyi ba ne mai ƙura. Jiƙaƙƙen sanyi ne, ga yayyafi, ga iska, ga duhu. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan yamma ta soma gajarta. Zuwa tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Can arewa wajen Northumberland, kusa da iyakar Sukotland, hasken yini bai fi awa bakwai da 'yan mintuna ba. Dusar ƙanƙara ba kullum take sauka ba, musamman a kudu. Abin da ya fi yawa shi ne ƙanƙarar da ke daskarewa a kan hanya da dare, da ambaliyar ruwa, da guguwar da ke kayar da turakun wuta.

Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗakin da mutum ke zama ya gaza digiri 18. Ƙasa da haka, jini na iya hawa, ciwon zuciya da na huhu su tsananta, shi ya sa mace-macen tsofaffi ke ƙaruwa a watannin sanyi kowace shekara. Kusan kashi 17 cikin ɗari na mutanen Ingila ne ke zaune a karkara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna karkarar sun kai shekara 65 ko sun haura, adadin da ya ɗara na birane nesa ba kusa ba.

## Abubuwa uku da ya kamata a rarrabe

Na farko shi ne zauren ƙauye. Gini ne na taro, yawanci babban ɗaki ɗaya da ɗan dandamali da madafa da makewayi. Akwai irinsa kusan 10,000 a Ingila. Da dama an gina su ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya don tunawa da samarin ƙauyen da suka mutu a fagen daga. Akasarinsu ba mallakar gwamnati ba ne. Kwamitin amintattu na 'yan sa-kai ne ke riƙe da su a matsayin ƙungiyar jinƙai, kuma kuɗin hayar zauren da na bukukuwa ne ke biyan wuta da gyara. Ƙungiyar ACRE, wadda ke da rassa a gundumomin karkara, ita ke ba waɗannan kwamitoci shawara.

Na biyu shi ne majalisar ƙauye, matakin mulki mafi ƙanƙanta. Dokar ƙananan hukumomi ta 1894 ce ta kafa ta, ta raba harkar mulkin ƙauye da ta coci. Babu dagaci ko mai unguwa a tsarin. Zaɓen 'yan majalisar ake yi, galibi ba su da albashi, kuma a ƙauyuka da yawa 'yan takara ba sa ma cika kujerun da ake da su. Ma'aikacinta ɗaya tilo sau tari shi ne magatakarda, wanda ke yin 'yan sa'o'i a mako. Majalisar tana samun kuɗi daga ɗan kason da ake ɗorawa a kan harajin gidaje.

Na uku sabon abu ne: wurin shan ɗumi. Zaure ne ko coci ko ɗakin karatu da ake kunna wa na'urar ɗumama a wasu ranakun mako, kowa ya shigo kyauta, a ba shi shayi ko miya mai zafi, ba a tambayarsa dalilin zuwansa. Wata ƙungiyar raya karkara a Northumberland ta soma irin wannan tsari a zaurukan ƙauye shekaru kafin ya zama ruwan dare. A hunturun 2022 ya bazu ko'ina, aka buɗe dubbai, tsohon firaminista Gordon Brown yana cikin masu mara wa gangamin baya.

## Me ya sa sanyi ya fi tsada a ƙauye?

Yawancin gidajen birni a Ingila bututun iskar gas ne ke kai musu makamashin ɗumama. Bututun bai isa ƙauyuka da yawa ba, domin kamfani ba ya ganin riba a shimfiɗa shi mil da mil saboda gidaje hamsin. Don haka gidaje kusan miliyan ɗaya da rabi a Birtaniya da kananzir suke ɗumama ɗaki. Kowane gida yana da tanki a bayansa, motar dakon mai ta zo ta cika. Wasu kuma da gas na tukunya, ko lantarki, ko itace da gawayin kwal.

Nan ne bambancin ya fito. Tun Janairun 2019 hukumar kula da makamashi ta Ofgem take ƙayyade iyakar farashin da kamfanoni za su caji gidaje a kan gas da lantarki. Wannan ƙayyadewa ba ta shafi kananzir ba. Farashinsa yana bin kasuwar mai ta duniya, ya tashi yau ya sauka gobe. Mai gas yana iya raba kuɗinsa wata-wata a tsawon shekara. Mai kananzir kuwa yawanci ba a kawo masa ƙasa da lita 500, kuma a dunƙule zai biya. Tsohuwar da ke rayuwa a kan fanshon gwamnati, in tankinta ya ƙare a Janairu, sai ta nemo ɗaruruwan fam a lokaci guda ko ta kwana cikin sanyi. A wurinta fam 200 na tallafin hunturu, wanda ke shiga asusu a Nuwamba ko Disamba, kaso ne mai tsoka na kuɗin cika tanki.

Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo. Gwamnatin Liz Truss ta sa hannu ta riƙe kuɗin gas da lantarki na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara daga Oktoba. Masu kananzir an fara yi musu alkawarin fam 100, da ƙorafi ya yi yawa aka ninka zuwa 200, kuma sai a farkon 2023 kuɗin ya iso. Ga shi gidajen ƙauye tsofaffi ne, bangon dutse ko bulo ba rata a tsakiya, zafi na sulalewa ta bango da taga. Wasu kuma doka ta sa su cikin gine-ginen tarihi, ba a canza musu ko taga sai da izini.

Ƙauyawan sun daɗe da nemo wa kansu dabara. Sukan kafa ƙungiyar sayen mai, gidaje talatin ko ɗari su haɗa odarsu, mutum ɗaya ya buga wa dillalai waya ya nemi rangwame, tanka ɗaya ta zagaya ƙauyen a rana guda. Ana samun sauƙi, amma ba ya hana farashi tashi.

## Kalandar zaure daga Nuwamba zuwa Fabrairu

Baƙo zai ɗauka ƙauyen ya mutu da zarar duhu ya yi, domin ba kowa a waje, kowace ƙofa a rufe. Harkar tana ciki ne. A daren 5 ga Nuwamba ake hura babbar wuta a fili a yi wasan tartsatsi, don tunawa da yunƙurin da Guy Fawkes da abokansa suka yi na tarwatsa majalisar dokoki a 1605. Lahadi ta biyu ga watan ake taruwa a gindin dutsen tunawa da mazan jiya, a karanto sunayen 'yan ƙauyen da yaƙi ya ci ɗaya bayan ɗaya. Disamba ta kasuwar Kirsimeti ce a zaure, da waƙoƙin coci, wanda a wannan dare yakan cika har da mutanen da ba sa leƙa shi sauran shekara, da liyafar cin abinci ta tsofaffi. A Janairu ko Fabrairu 'yan ƙauyen kan shirya wasan kwaikwayo na barkwanci, inda ƙato mai gemu ke fitowa cikin shigar tsohuwa, 'yan kallo suna yi wa mugun wasan ihu. An shafe makonni ana gwaji da dare, kuma gwajin kansa dalili ne na fitowa daga gida.

Tsakanin waɗannan akwai na mako-mako: zaman shayi da safe, gasar kacici-kacici da dare, gwanjon kayan gida, motsa jiki na tsofaffi, majigi sau ɗaya a wata, taron ƙungiyar matan karkara da ta shigo Birtaniya a 1915. A wasu ƙauyukan da ofishin gidan waya ya rufe, ma'aikaci kan zo zauren na 'yan sa'o'i a mako, mutane su ciri kuɗi su aika saƙo.

Wasu wuraren suna da nasu na gado. A Allendale ta Northumberland, daren shiga sabuwar shekara maza 45 ke ɗaukar ganguna masu cin wuta a ka su zagaya gari, su jefa su a tsibin itace da tsakar dare. A Haxey ta Lincolnshire, ranar 6 ga Janairu jama'a ke cunkusuwa cikin taɓo suna ture-ture a kan wani naɗin fata, kowane ɓangare yana son kai shi mashayarsa. A Carhampton ta Somerset, ranar 17 ga Janairu ake shiga gonar tuffa da dare a yi waƙa a harba bindiga sama, wai don itatuwa su yi 'ya'ya. A Mousehole, ƙauyen masunta a Cornwall, tun 1963 ake ƙawata tashar jiragen ruwa da fitilu, amma ranar 19 ga Disamba akan kashe su na awa guda don tunawa da matuƙa takwas na wani jirgin ceto da teku ta haɗiye a 1981.

Waɗannan al'amura ba nishaɗi zalla ba ne. Kuɗin tikitin wasan kwaikwayo da na kasuwar Kirsimeti su ne ke cika tankin man zauren da biyan inshora. Zaman shayi kuma wata hanya ce ta ƙirga mutane: in wance ba ta zo ba mako biyu a jere, wani zai je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. A ƙasar da tsofaffi da yawa ke zaune su kaɗai, 'ya'ya suna birni, har sai da gwamnati ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, wannan ƙwanƙwasawar aiki ce da babu ma'aikacin da aka ɗauka dominta. Ta wannan fuska tsarin ya yi kama da gayya, sai dai masu fitowa gayyar yawancinsu su ma 'yan fansho ne.

## Nauyin da ke gangarowa ƙasa

Tun 2010 gwamnatin tsakiya ta rage kuɗin da take tura wa ƙananan hukumomi sosai, a daidai lokacin da kuɗin kula da tsofaffi da yara marasa galihu ke ƙaruwa. Abin da doka ba ta wajabta ba shi aka fara yankewa: tallafin motocin bas na ƙauye, ɗakin karatu, kulob na matasa, makewayin jama'a. Akwai wani lungu a dokar haraji da ya sa nauyin ya sauko. Babbar hukumar gunduma ba ta iya ƙara harajin gidaje fiye da wani kaso, wajen biyar cikin ɗari a 'yan shekarun nan, sai ta yi ƙuri'ar raba gardama. Majalisar ƙauye ba a sa mata wannan takunkumi ba. Saboda haka gunduma kan miƙa wa ƙauye aiki, ƙauye ya ƙara nasa kason, mai gida ya biya a takarda ɗaya.

Misalin hanya ya isa. Gunduma ce ke da alhakin watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, amma manyan hanyoyi take bi. Ƙananan layukan ƙauye sai akwatin gishiri a bakin hanya, wanda sau da yawa majalisar ƙauye ce ke saye, da ɗan sa-kai mai shebur, da manomin da aka yi yarjejeniya da shi ya ɗaura wa tarakta abin ture dusar ƙanƙara. Haka batun bas. Tsoho yana da katin shiga kyauta, amma katin bai da amfani a ƙauyen da bas ke zuwa sau biyu a mako. Sai ƙungiyar masu motoci na sa-kai su kai shi asibiti, ya biya kuɗin mai kawai.

Guguwar Arwen ta ƙarshen Nuwamban 2021 ta nuna iyakar tsarin da kuma ƙarfinsa a lokaci guda. Gidaje kusan miliyan ɗaya suka rasa wuta, wasu ƙauyukan Northumberland da Durham da Cumbria suka haura mako a cikin duhu. Tukunyar ɗumama ta kananzir ma ba ta tashi sai da lantarki. Zaurukan da ke da janareta ko murhun gas su suka zama wurin dafa abinci da cajin waya kafin sojoji da ma'aikatan wuta su iso. Tun daga nan kwamitoci da dama a arewa suka nemi tallafi suka sa janareta ko batir da farantan hasken rana.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

A kan tallafin hunturu, hujjar gwamnati a 2024 ita ce ta gaji giɓin fam biliyan 22 a asusu, kuma babu ma'ana a riƙa aika wa attajiri fam 200 don kawai ya tsufa. Tun da Gordon Brown ya ƙirƙiro tallafin a 1997 kowane ɗan fansho ke samu, kuma masana tattalin arziki da dama sun daɗe suna cewa kuɗin ba ya zuwa inda aka fi buƙata. Masu suka, ciki har da ƙungiyar Age UK mai kare haƙƙin tsofaffi da wasu 'yan majalisar jam'iyyar Leba mai mulki kanta, ba duka suka musanta wannan ba. Abin da suka ce shi ne an ja layin ƙasa ainun. An ɗaure tallafin da wani ƙarin fansho na matalauta wanda dubban ɗaruruwan da suka cancanta ba su taɓa nema ba, wasu don rashin sani, wasu don tsawon takardun, wasu don kunya. Wanda kuma ya haura layin da fam biyu a mako ya rasa komai. Bayan kayen da Leba ta sha a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025 ne aka sauya tsarin. Yanzu ana biyan kowa a Ingila da Wales, hukumar haraji ta karɓe daga wanda kuɗin shigarsa ya wuce fam 35,000, kuma gwamnati ta ce mutum kusan miliyan tara ne za su ci moriya. Sabon tsarin bai bambanta mai bututun gas a birni da mai tankin kananzir a ƙauye ba.

A kan wuraren shan ɗumi saɓanin ya fi zurfi. Masu goyon baya suna cewa da babu gara ba daɗi, kuma masu gudanar da wuraren sukan ba da labarin cewa hira ce ke dawo da mutane fiye da ɗumin. A can ne ake taimaka wa tsoho cike takardar neman haƙƙinsa, a duba masa takardar kuɗin wuta. Masu adawa suna cewa mutum yana shan ɗumi na awa uku ne ya koma gida mai sanyi ya kwana, kuma wanda ya fi buƙata, mara lafiyar da ba ya iya fita, ba ya isa wurin. Suna tsoron abin ya zauna daram kamar yadda rumbunan rabon abinci suka zauna, gwamnati ta saba da barin aikin ga masu jinƙai maimakon gyara gidaje su daina zubar da zafi. Akwai kuma matsalar da ta keɓanci ƙauye: kowa ya san kowa. Wanda zai shiga irin wannan wuri a birni ba tare da an gane shi ba, a ƙauye maƙwabciyarsa ce ke zuba shayin. Shi ya sa kwamitoci da yawa ba sa ambaton talauci ko sanyi a sanarwarsu, sai su kira shi zaman abincin rana kawai.

Su kansu kwamitocin suna da nasu ƙorafin. Ƙayyade farashin Ofgem na gidajen zama ne, zaure kuwa a matsayin wurin kasuwanci yake sayen wuta. Tallafin buɗe wurin shan ɗumi na hunturu ɗaya ne, sai an sake nema a shekara mai zuwa. Ga takardun inshora, da na tsaftar abinci, da na kare yara da masu rauni, da izinin rufe hanya in za a yi biki. Duk wannan yana kan mutum shida ko bakwai.

## Abin da zai biyo baya ga mazauna

Tambayar da ta fi kuɗi nauyi ita ce ta magada. Gidajen ƙauye sun yi wa matasan da aka haifa a can tsada, musamman a Cornwall da Devon da yankin tafkuna na Cumbria da gaɓar Norfolk, inda masu kuɗin birni ke sayen gida na biyu ko na saukar 'yan yawon buɗe ido. Irin waɗannan gidaje a cike suke da bazara, a rufe da hunturu, kuma gidan da ke rufe ba ya aiko yaro makaranta, ba ya sayen burodi a kanti, ba ya ba da ɗan kwamiti. Daga Afrilun 2025 doka ta ba ƙananan hukumomin Ingila damar ninka harajin gida na biyu, da yawa kuma sun yi hakan. Masu gidajen suna cewa su ne ke kawo kuɗin da ke riƙe da sana'o'in yankin.

Kanti da mashaya, waɗanda su ne sauran wuraren haɗuwa, suna ta rufewa. Dokar 2011 ta ba ƙauye damar yi wa irin wannan wuri rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda in za a sayar sai a dakata wata shida ko mutanen gari za su iya tara kuɗi. Mutanen Hesket Newmarket a Cumbria sun riga dokar, tun 2003 suka haɗa hannun jari suka sayi mashayarsu. Yanzu akwai kantunan ƙauye sama da 400 a Birtaniya da jama'a ke mallaka. Sai dai asusun gwamnati na fam miliyan 150 da aka buɗe a 2021 don taimaka wa irin wannan saye an rufe shi a ƙarshen 2024, kuma ƙauyen da ke da tsofaffin lauyoyi da akantoci ya fi ƙauyen tsofaffin ma'aikatan kwal iya tara kuɗi da cike takardu.

Batun ya taɓa 'yan Najeriya ta wata kafa. Bayan da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, dubbai sun tafi, kuma ba duka ne suka sauka a Landan ko Manchester ba. Wasu an tura su gidajen kula da tsofaffi a ƙananan garuruwa, wasu suna bin gida-gida a ƙauyuka, aikin da ba ya yiwuwa sai da mota, a kan hanyoyin da ba a watsa wa gishiri ba. Musulmi a cikinsu zai tarar da Azahar da La'asar da Magariba duk sun faɗo cikin awa huɗu a Disamba, masallaci mafi kusa kuma yana iya zama tafiyar awa guda. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara saboda ƙarancin rana. An rufe ɗaukar sababbin ma'aikatan wannan fanni daga ƙasashen waje a Yulin 2025, kuma masu gidajen kula da tsofaffi sun yi gargaɗin cewa karkara, inda samun ma'aikata ya riga ya yi wuya, za ta ji a jika.

Akwai kuma wani sauyi da ke tafe wanda bai cika shiga labarai ba. Kamfanonin sadarwa suna kashe tsohon layin tarho na waya suna mayar da shi kan intanet, kamfanin tarho na BT ya sa Janairun 2027 a matsayin wa'adi. Tsohon layin yana aiki ko an ɗauke wuta, domin daga ofishin tarho yake samun lantarkinsa. Sabon ba ya yi sai da batir, kuma ƙa'idar hukumar kula da sadarwa ta Ofcom ita ce kamfani ya tanadar wa mai rauni abin da zai riƙe layin na aƙalla awa ɗaya. A kwarin da wayar hannu ba ta kamawa, kuma aka taɓa yin mako babu wuta, majalisun ƙauye sun soma rubuta sunayen gidajen da za a fara dubawa da ƙafa.